Inda Numfashi Ya Yanke

Duk Gaya, daga bakin kogi har kasuwa, mutum ɗaya ne ke karanta wasiƙar Ingilishi a shekarun nan, wato Halidu, kuma wallahi ya san da haka. Ƴan lakwal, wato ƴan makarantar boko, Faransanci suka iya, su da akawun kumandan. To amma samarin garin ba Faransa suke tafiya neman na kansu ba, Gwalkwas suke nufa, ƙasar da Turawan Ingilishi ke mulka, wasiƙunsu kuma da Ingilishi suke zuwa. Sai a kwaso a kawo wa Halidu a rumfarsa ta kusa da gidan waya.

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana dako a wani kanti a Kumasi, can wani tsohon akawu ya koya masa karatu. Abin da ya fi riƙewa shi ne maganar waƙafi, ɗan ɗigon nan mai wutsiya. Tsohon ya ce masa in ka gama rubutu ka karanta da ƙarfi, duk inda numfashinka ya yanke ka sa waƙafi, inda maganar ta ƙare ka sa aya. Ko haka Turawan suke yi, ko tsohon ne ya ƙago abinsa, oho. Halidu dai ya riƙe abin kamar karatun allo. In yana karanta wa mutum wasiƙa, ko gobara ake yi sai ya tsaya a kan kowane waƙafi ya ja numfashi, sannan ya fassara. Direbobin kamiyo, manyan motocin kayan nan, har tsokanarsa suke, wai kafin Halidu ya kai aya jirgin fito ya je Malanbil, can ƙetaren kogi, ya dawo.

Haka ya koya wa ɗansa na fari, Yakuba, da rankwashi da komai. Yakuba kuwa ƙato ne mai faɗin ƙirji, in ya yi nutso a kogi sai masunta sun fara leƙen ruwa kafin ya ɓullo. Saboda haka sai ya yi layi uku bai sa waƙafi ba.

"Kai, ba kowa ke da huhun dorina ba," in ji Halidu. "Ka tausaya wa mai karatu."

Da ya tasa, shi ma ya bi hanyar Gwalkwas, ya sami aikin fasa dutse a ramin zinariya. Duk wata biyu wasiƙa za ta zo. Uwarsa Zuwera za ta ajiye wuƙar gyaran kifi, ta goge hannu, ta zauna a gefen tabarma. Da yake ɗan fari ne, sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Sai dai ta kau da kai ta ce, "Me yaron nan ya ce?"

A shekara ta huɗu, bayan an yanke gero, wata wasiƙa ta zo. Halidu ya buɗe ta a rumfa, kallo ɗaya ya yi ransa ya ɓaci. Waƙafi ne barbaje kamar kashin ɓera a rumbu, kalma biyu waƙafi, kalma uku waƙafi. Ya ɗauki fensir yana ƙunƙuni, wai yaro ya je birni ya watsar da karatu. Har ya soke biyu, sai hannunsa ya tsaya. Yakuba bai taɓa sa waƙafi inda bai numfasa ba.

Ya koma farko ya karanta da ƙarfi, yana tsayawa duk inda yaron ya tsaya. Kafin ya kai layi na uku ya ji kansa yana haki. Ya san wannan hakin. Ya sha jin sa a zangon Kumasi a bakin mutanen rami, waɗanda ƙurar dutse ta cinye musu ƙirji, kuma ya san inda suke ƙarewa. Wasiƙar kuwa ba abin da take faɗa sai ina lafiya, aiki lafiya, a gaida Inna. Tsoro ya kama Halidu irin wanda bai taɓa ji ba.

A gida ya karanta wa Zuwera sulu sulu, ya tsallake waƙafin nan duka, abin da bai taɓa yi wa kowa ba.

"Yau kuma sauri kake, Malam," ta ce.

"Yunwa nake ji."

Ranar ya rubuta amsa, a nan kuma malantarsa ta cuce shi. Da ya ce uwarka na son ganinka ya yi shiru, da wataƙila yaron ya taso. Ina, sai da ya nuna ya gane. Ya rubuta cewa na karanta waƙafinka duka, ka bar ramin nan ka dawo gida.

Mako bakwai amsa ta zo. Hannun Yakuba ne, layi dogo dogo, babu waƙafi ko ɗaya. Halidu ya ce alhamdulillahi har sau uku, ya ɗaga takardar don ya sake gani da kyau. Da rana ta bi ta cikinta sai ya ga wurare birjik inda takardar ta yi shara shara. An kankare su da reza. Yaron ya kasa yin rubutu ba yadda ubansa ya koya masa ba, ya karanta da ƙarfi, ya sa waƙafinsa, sannan ya zauna ya kankare su ɗaya bayan ɗaya don kada a gane. Wannan karon kusan bayan kowace kalma akwai wurin da aka kankare. A wasiƙar, yaron ya ce aiki ne bai bar shi ya taso ba. Halidu ya san mai irin wannan numfashin ba ya iya tafiyar kwanakin nan a bayan kamiyo.

Zuwera ba ta zauna a gefen tabarma ba. Ta karɓi takardar, ta shafa ta da yatsun da suka saba neman ƙaya a jikin kifi, ta miƙa masa.

"Malam, shekara ashirin da shida ina jin karatunka. Wancan karon gudu ka yi. Karanta mini yadda ya rubuta."

Ya karɓa. Ya ɗora babban yatsa a kan layin, duk inda ya ji an kankare ya tsaya.

"Inna, ina, gaishe ki, kada, ki damu, ina, lafiya."

Ta saurara har aya ta ƙarshe, hawaye na zuba ba ta share ba.

"Ƙirjinsa ne," ta ce.

"Ƙirjinsa ne."

"Zai iya hanya?"

Halidu ya sunkuyar da kai. Kifin da ta bari a kwarya ƙudaje suka rufe shi, ba wanda ya kore su.

"Ɗauko takarda," ta ce. "Wannan karon ni zan yi masa magana. Kada ka gyara mini komai."

Ya ɗauko, ya tsoma alƙalami a tawada. Zuwera ta gyara mayafinta, ta dubi takardar kamar yaron ne zaune a gabanta.

"Yakuba," ta ce, sai numfashinta ya yanke.

Halidu ya rubuta sunan, ya sa waƙafi, ya jira.