Wuri Mai Sanyi

Tela ne ya sunkuya ya zare wayar firjin da hannunsa, yana cewa kowa ya shaida ba da mugunta ya yi ba. Ɗan firjin ya yi wata 'yar girgiza, ya yi shiru. Tsohon direba yana zaune a bakin gado, hannuwa bisa gwiwa, yana kallon mutanen da suka cika masa ƙofar ɗaki. A waje mita sai ƙara take, irin wadda take yi in yunit ya kusa ƙarewa.

Mai ƙanƙara tana can baya, ta jingina da bango. Tun da aka fara taron ba ta tofa ba. Ita ta fi kowa shan wuta a gidan, kowa ya sani, don haka ta ja bakinta ta tsuke.

Gidan haya ne, ɗakuna a jere suna kallon juna, mita ɗaya tal a bango kusa da ƙofar shiga. Kowa ya kawo nasa kuɗin, a haɗa a sayo katin wuta. Da can katin yakan kai su ƙarshen wata. Tun da kamfani ya sake ƙara kuɗin wuta, ko tsakiyar wata ba ya gani. Shi ne aka zauna aka yanke: ba dutsen guga, ba hita, ba firji. Keken tela da firizar mai ƙanƙara kawai aka bari, don da su ake cin abinci.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji tela. "In an ɗaga maka, gobe matar makanike za ta ce ita ma a ɗaga mata."

Tsohon ya ce shi ba rigima ya zauna yi ba. Ya ce ya yi shekara da shekaru yana jan tankar mai gari-gari, man da ya ɗauka a bayansa da za a tara shi da ya haska su har jikokinsu, yau ga shi an zo kashe masa akwatin da bai kai tukunya ba. Ya faɗa yana murmushi. Ba wanda ya taya shi.

Ya miƙa hannu ya buɗe firjin. Ba komai a ciki sai ɗan kwali ɗaya mai 'yan kwalabe kamar yatsa. Ciwon suga ne da shi. Safe da yamma yake ɗaga riga ya yi wa kansa allura a ciki. A asibiti abu ɗaya suka ja masa kunne a kai: a ajiye ruwan allurar a wuri mai sanyi, in ya sha zafi ya tashi daga aiki.

Nan ne mai ƙanƙara ta ratso mutane.

"Kawo nan, Baba. Ni da nake sayar da sanyi?"

Ya ɗora mata kwalin a tafin hannu, ya rufe da nasa. "Uwar sanyi, ga raina nan na ba ki ajiya. Kar ki haɗa shi da ƙanƙara ki sayar wa masu lemo."

Aka yi dariya, irin ta mutanen da aka sauke wa kaya. Taro ya watse.

Ta san firizarta kamar yadda ta san cikin ɗakinta. In an ɗauke wuta, sama ne ke fara narkewa. Ledojin da ke bakin murfi su koma ruwa kafin rana ta take, na tsakiya su bi baya. Ƙasa ne kaɗai ke riƙe amana. Can take ajiye manyan dunƙulen da masu kifi ke saye, waɗanda ko wuta ta yi kwana ba ta zo ba suna nan kamar dutse. A sana'arta abin da bai daskare ba bai yi sanyi ba, rabin aiki ne, ba mai saye. Ta kwashe kaya har ƙasa, ta naɗe kwalin a leda, ta cusa shi tsakanin manyan dunƙule biyu, ta mayar da sauran a kai. Wurin da ta fi ji da shi ke nan. Ta ba shi.

Kullum da safe sai ta tono kwalba ta kai masa. Kwalbar takan zo da farar raɓa a jikinta, ruwan ciki ya sandare. Shi kuma ya damƙe ta a hannu, ko ya sa a hammata, har ta narke. Yakan ce ko asibitin ba su iya ajiya kamarta ba, da ita ke riƙe da ƙasar da ba abin da zai lalace. Ta ce masa ya rufa mata asiri, firiza ɗaya ma ga yadda take fama.

Ƙishirwa ce ta fara. Tsohon ya riƙa leƙowa yana sayen ruwan sanyi, ya shanye a tsaye ya ce a ƙaro. Ta daina karɓar kuɗinsa. Sai zarya zuwa banɗaki, har matar makanike ta fara gunaguni wai an hana mutane shiga. Wandonsa ya fara zamewa, ya huda sabon rami a bel. Ya ce zafin gari ne. Da abin ya ƙi, ya ƙara yawan abin da yake zuƙa a sirinji. Da wannan ma ya ƙi, ya ce to an zo wurin, har magani sun fara sirka shi da ruwa.

Ba wanda ya yi musu. Man da ake saye a gidan mai ba ya kai yadda aka biya, katin wuta yana ƙarewa kamar ana lasa, me zai hana magani? 'Yarsa da ke aure a wani gari mai nisa ta turo masa abin da ta samu, ya aiki makanike can wani babban kemis ya sayo sabon kwali. Mai ƙanƙara ta karɓa da hannu biyu, ta kai shi ƙasa, wurin na farko.

Wata yamma maza suna zaune a ƙofar gida, rediyon makanike a kan benci. Aka ce kamfanin wuta ya ci ribar da bai taɓa ci ba. Bayan nan aka sako muryar wani babba a gwamnati yana cewa gyara ake yi, jama'a su ƙara haƙuri. Makanike ya yi tsaki ya ce wannan muryar ba ta taɓa kwana cikin duhu ba. Tela ya ce gwamnati da kamfanin ai kwano ɗaya suke ci, ɗaya ya riƙe ka ɗaya ya caje aljihu. Aka yi maganar fita zanga-zanga, aka tuna yadda ta baya ta ƙare, aka bar maganar.

Tsohon yana kan kujerarsa, ya lumshe ido, leɓunansa sun bushe sun yi fari.

"Da haƙuri ana zuba shi a mita," ya ce, "da gidan nan har maƙwabta mun ja wa waya."

Mai ƙanƙara ta ji daga inda take ƙulla leda. Ta yi dariya. Da ta ɗago ta dube shi sosai, dariyar ta tsaya. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ranar da ya faɗi, tun asuba aka ɗauke wuta a unguwar gaba ɗaya. Ta kai masa kwalba da hantsi, ta yi sallama ba a amsa ba. Ta tura ƙofa. Yana ƙasa tsakanin gado da bango, yana jan numfashi mai zurfi da sauri kamar wanda ya yi gudu. Bakinsa na warin 'ya'yan itacen da suka fara ruɓa. Ta kira shi, ya buɗe ido bai gane ta ba.

Motar haya ba ta samu ba, duk suna layin mai. Makanike ya ɗauko motar wani da aka kawo masa gyara, allurar da ke nuna yawan mai tana kwance a ja, suka tafi a haka. Tela ya riƙe kan tsohon a cinyarsa har suka isa.

A asibiti janareto na ruri a bayan gini. Aka ɗaura masa ruwa. Wata nas, doguwa mai gajiyayyen ido, ta tambaya ko yana yin allurarsa. Suka ce bai taɓa tsallakewa ba, har ƙari yake yi. Ta ce a kawo mata maganin ta gani.

Mai ƙanƙara ta koma gida a ƙafa, rabi tafiya rabi gudu. Saman firiza ya riga ya zama ruwa. Ta zura hannu har kafaɗa, ta ji ƙasa yana nan daram. Har wani sanyi ta ji a ranta. Ta fasa ƙanƙara ta jera wa kwalin a leda don kar ya sha zafi a hanya.

Nas ta zaro kwalba ɗaya, ta ɗaga ta wajen taga, ta karkata ta. Abin da ke ciki bai motsa ba.

"A ina kuke ajiye wannan?"

"A firizata. Can ƙasa, inda ya fi sanyi. Ko an ɗauke wuta ba ya narkewa."

"Kullum haka yake daskarewa?"

"Kullum."

Nas ta ajiye kwalbar a kan tebur a hankali. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce sanyi aka ce, ba ƙanƙara ba. Wannan maganin in ya daskare sau ɗaya ya mutu, ko ya narke ya koma garau kamar da, ba abin da zai yi a jiki. Ta ce a rubuce yake a jikin kwalin. Ta nuna wasu ƙananan baƙaƙe a gefe, waɗanda raɓa ta jiƙa har sun fara dusashewa. Sannan aka kira ta wani gado, ta tafi.

Mai ƙanƙara ta tsaya da ledar a hannu. Ruwa na ɗiga a kan silifas ɗinta. Tela yana gefe, ya ji komai. Ya dube ta, ta dube shi, kowa ya kawar da kai.

Washegari da rana tsohon ya farfaɗo na ɗan lokaci. Tana zaune a kan kujerar roba kusa da gadon. Tun jiya take shirya yadda za ta faɗa masa. Ya juyo da kai da ƙyar.

"Uwar sanyi. Wa kika bar wa kayanki?"

"Suna nan, Baba."

"An kawo wuta?"

"Ba a kawo ba."

"Za su narke miki." Ya rufe ido. "Ki je ki duba."

Ba ta je ba. Bai sake magana ba. Kafin rana ta faɗi nas ta zo ta cire robar ruwan daga hannunsa, ta ja mayafi.

'Yarsa ta iso an riga an kai shi. Mace ce siririya, da goyo a baya, idonta ya kumbura. Tsakar gida cike da mutane, maganar ɗaya ce a kowane baki: kamfani ne ya kashe shi, su da waɗanda suka ɗaure masa gindi. Mutum da firjinsa, an sa dole ya kashe. Makanike ya fi kowa ɗaga murya. Tela yana zaune a ƙofar shagonsa da almakashi a hannu, ba ya yanka komai. Abin da suke faɗa gaskiya ne. Mai ƙanƙara ta san gaskiya ne, amma bai rage mata komai ba.

Ta sami 'yar ita kaɗai a ɗakin, tana ninke rigunan uban tana sawa a jaka. Ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Ƙanwata, akwai abin da ya kamata ki sani. Maganin Baba a wurina yake. Ni na sa shi cikin ƙanƙara. Can ƙasa na sa shi, kullum sai ya daskare."

'Yar ta ajiye rigar, ta zo ta kama hannuwanta biyu.

"Na sani, Yaya. Ya faɗa mini a waya. Ya ce wurin da kike ajiye kayanki masu tsada kika ba shi. Allah ya saka miki, abin da ni ban yi masa ba kin yi."

Mai ƙanƙara ta buɗe baki. Goyon ya farka ya fara kuka, 'yar ta juya tana jijjiga shi, wata mata ta leƙo ta ce mota na jira. Aka fitar da jaka. 'Yar ta ja ƙofar ta sa kwaɗo, ta ce sai ta dawo kwashe sauran kayan, ta jefa makullin a jakarta.

Da gida ya yi shiru, mai ƙanƙara ta buɗe firiza. Har ƙasan ya sallama. Ta riƙa kwasowa da bokiti tana zubarwa a kwata, ledoji na yawo a kan ruwan. Tana cikin haka aka kawo wuta. Can wani gida yara suka yi ihu. Keken tela bai tashi ba.

Sai ta ji wani ƙaramin sauti daga ɗakin da aka kulle. Fankar sama ce. Ranar da aka fitar da shi babu wuta, ba wanda ya tuna da makunni. Ta tagar da ba ta rufu sosai ba ana ganin gefen labule yana ɗagawa yana sauka.

Tela ya fito ya tsaya a tsakar gida. Ya dubi mita, ya dubi kwaɗon. Matar makanike ma ta leƙo, ta koma. Ba wanda ya ce a kashe. Mai ƙanƙara ta ajiye bokitin ta zauna a kan dakalin ƙofar tsohon, iskar na fitowa ta ƙasan ƙofa tana taɓa mata dunduniya.