Ramin da Verlon Gabbard Ya Haƙa wa Kwalba

Shekarar Verlon Gabbard sittin da ɗaya a Kentucky bai taɓa sa ƙafa a shagon giya ba, kuma in ka zauna da shi minti goma sai ya san yadda ya yi ya gaya maka. Dattijon cocin Baftis ne, a gundumar da doka ta hana sayar da barasa, ko da yake in iska ta juyo, ƙanshin masarar da ake dafawa don yin giya a gundumar maƙwabta har cikin coci yake shiga. To yau ga shi da hantsi ya tsallaka iyaka, ya faka a-kori-kurarsa a bayan wani shago inda ba a hangowa daga titi, yana ta gumi.

'Yarsa Junie ce ta jawo masa. Ita kaɗai ya haifa, kuma Tate, ɗan gidan Mattingly, za ta aura, Katolika, mutanen da tun kaka da kakanni ba su da sana'ar da ta wuce yin giyar masarar nan da ake kira burbon. Ranar da ta kawo yaron gida, Verlon ya ce ba zai haɗa zuri'a da masu dafa wa Shaiɗan ruwan sha ba. A gaban yaron ya faɗa. Wata biyar ke nan, in ta kira shi a waya daga "kana lafiya" sai "sai an jima". Abin yana cinsa ƙwarai, amma bakinsa ya yi nauyin ba da haƙuri.

Jiya ta kira, ta yi magana mai ɗan tsawo. "Baba, aiki ɗaya zan ba ka. Gobe saura wata ɗaya cif, kuma a fili za a ɗaura auren, a gonar su Tate. Ana binne kwalbar burbon a wurin, a kife, don kada ruwa ya sauka ranar biki. Cikakkiya, wadda ba a buɗe ba. Ka samo mai kyau, amma kada ka wuce dala talatin. Ƙarfe huɗu." Kafin ya haɗa tambaya ta kashe.

Camfi ne, ya sani. Amma ya juya abin a ransa bai ga zunubi a binne giya ba, hasali ma in son samu ne duk a binne ta. Kuma wannan ce ƙofa ta farko da Junie ta buɗe masa, ba zai bari ta rufe ba.

Yana shiga shagon kansa ya ɗaure. Shi a zatonsa burbon abu ɗaya ne, kamar kananzir, ka ce a ba ka a ba ka. Sai ga bango guda tun daga ƙasa har rufi, kwalabe sun fi ɗari biyu, kowacce da hoton wani tsoho mai gemu ko wata dabba. A ƙarshen layin ya hango Ɗan'uwa Hollis, mai ba da waƙa a cocinsu, rungume da jakar takarda. Hollis ya duƙufa kallon rufi, Verlon ya duƙufa kallon takalminsa, suka wuce juna lafiya lau.

"Dattijo, ɓatan hanya ka yi ko aiko ka aka yi?" Mai shagon ce, wata mata mai furfura da tabarau a tsakar ka, an rubuta Nadine a ƙirjin rigarta.

"Burbon nake nema."

"Ai ga shi nan ya kusa faɗo maka. Wanne?"

Ya rage murya. "Na binnewa."

"Kai, madalla, biki ke nan! To mai alkama kake so, mai taushi, ko mai ɗan yaji a maƙogwaro?"

"Baiwar Allah, ƙasa za a ba. Ina ruwan ƙasa da yaji?"

Nadine ta kwashe da dariya har da dukan kanta, ta ce ashe dattijon ɗan barkwanci ne. Shi kuwa bai ga abin dariya ba. Ya sunkuya can ƙasa ya jawo wata ƙatuwar gorar roba ta dala tara, don in dai cika ake so, wannan ta fi kowacce cika. Sai ji ya yi an make masa hannu.

"Ajiye! Bikin wa za a yi?"

"'Yata ce za ta auri ɗan Dub Mattingly."

"Dub? Mutumin da ya yi shekara talatin da huɗu yana mirgina gangunan burbon a rumbu? Ka kai masa wannan? Wallahi har jikokinka sai an yi musu gori."

Verlon ya rasa me ya haɗa Dub da abin da zai kwanta a ƙarƙashin ƙasa. Amma tunda abin na mutunci ne, sai ya miƙa hannu sama ya sauko da wata mai murfin tagulla da siffar zakara. Dala tamanin da biyar. Ya ce a ransa ko nawa ne, indai Junie za ta dube shi. Aka sake make masa hannu.

"Wannan kuɗin zakara za ka biya. Ruwan da ke ciki da na waccan mai hoton alfadari, daga tukunya ɗaya suka fito."

"To me ya sa wannan ta ninka waccan sau huɗu?"

"Saboda baƙi masu zuwa da manyan motoci suna son zakara."

"Wannan fa? An rubuta shekara goma sha biyar."

"Ta daɗe a ganga har ta koma ɗanɗanon katako. Kamar ka tauna ƙofa."

"Ke nan tsohuwar ba ta da kyau?"

"Wani lokacin ita ce mai kyau."

"Mai arha fa?"

"Wata shara ce, wata kuma ta fi mai tsada."

Ya dafe kanta. A cocinsu abu in mai kyau ne mai kyau ne, in mugu ne mugu ne, ba a taɓa barinsa a tsakiya haka ba. Ya ce, "Don girman Allah, shi ruwan saman wacce ya fi jin tsoro?"

Nadine ta share hawayen dariya, ta ɗauko mai alfadarin, wata kwalba marar ado mai farar takarda, ta danƙa masa. "Dala ashirin da biyu. Shekara shida. Ita masu aikin ke saye wa kansu ran albashi, ba sa kuma gaya wa baƙi. Je ka, Allah ya ba da zaman lafiya."

Ƙarfe ɗaya ya isa gonar, don Verlon bai iya yin abu rabi da rabi ba. Ya ga inda aka kafa turaku biyu a gindin wata bishiya, alamar wurin ɗaurin auren, ya tuɓe kwat, ya sauke diga da shebur. Binnewa aka ce, kuma shi ya binne karnuka uku da maraƙi a rayuwarsa, ya san abin da ake nufi da binnewa. Ya wuce baƙar ƙasa, ya wuce ja, ya tarar da farin dutse ya farfasa. Lokacin da ya ji tsayuwar mota, ramin ya kai masa ƙirji.

Kawuna uku suka leƙo: Junie, angonta Tate, da Dub Mattingly, wani gajere mai faɗin kafaɗa.

Dub ya cire hula. "Suruki, wa ya rasu?"

"Baba, mene ne wannan?" in ji Junie.

"Ramin kwalba. Na ce in yi shi yadda ko kare ba zai tono ba."

Ya ga fuskarta ta canja, irin canjin ranar da ya yi waccan maganar. Ta ce, "Da ka ce mini ba za ka yi ba kawai. Ba sai ka zo gonar mutane ka nuna musu ba ka so a tono ta ba."

"A tono ta? Wa zai tono ta?"

"Mu mana! Ran biki da safe!"

"A yi me da ita?"

Tate ya juya baya, kafaɗunsa na girgiza don dariya. Dub ya tsuguna a bakin ramin ya ce a hankali, "A sha, suruki. Don me kake zaton ake neman mai kyau? A gidanmu ma uban ango da uban amarya ne ke fara kurɓa, a gaban jama'a."

Sai yanzu maganganun Nadine suka zauna masa daram. Ya tsaya a cikin raminsa, laka har gira, yana kallon sama, ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba. "Wallahi ban sani ba, Junie. Na ɗauka shi ke nan an rabu da ita."

Ta dube shi ta daɗe. Duk duniya ta san ubanta da taurin kai, amma ba ta taɓa kama shi da ƙarya ba.

Dub ya zaro kwalbar daga jakar takarda, ya juya ta, ya ɗaga gira. "Kai ka zaɓi wannan?"

"Sai da aka make mini hannu sau biyu."

"To hannun ya koyi karatu. Ko ni ita zan ɗauko."

Verlon ya miƙa hannu. "Tate, ɗana, miƙo mini shebur." Bai taɓa kiran sunan yaron ba sai yau. Daga cikin ramin ya shiga jawo ƙasa yana mayarwa ƙarƙashin ƙafafunsa, yana tattakewa, yana tasowa kaɗan-kaɗan, har ramin ya dawo iya gwiwa.

Junie ta matso da kwalbar a hannu. "Baba, ba dole sai ka sha ba. Kowa zai gane."

"Ban san ko zan iya ba," ya ce, yana haki. "Shekara sittin da ɗaya ba wasa ba ce. Amma zan tsaya kusa da Dub a gaban kowa, da kofi a hannuna. Wannan kam na yi alkawari."

Ta durƙusa a kan jar ƙasar da fararen kayanta, ta sa masa kwalbar a hannu, ba ta kuma janye nata hannun ba.