Gona a Cikin Katanga

Masarar ta nuna, gemunta ya bushe, amma kanta kawai ake hangowa ta saman bulo.

Malam Isiyaku ya tsaya a bakin gonar da ke Rigachikun, ƙamus a hammata, wasiƙar kamfani a hannu. Shekara talatin da biyu ya yi yana koyar da Turanci kafin ya yi ritaya, to wa yayarsa Hafsatu za ta kira in ba shi ba? Da masarar gonar nan ta riƙe shi har ya gama kwaleji. Tun da hantsi ta taso shi daga Unguwar Sarki.

"Karanta min, Isiyaku. Ban da kwane-kwanenku na malamai."

Ya riga ya karanta sau uku a mota. Wani kamfanin gine-gine ne ya saye gonakin maƙwabtanta, gabas da yamma, kudu da arewa. Tata ba su taɓa ba, har ma sun rubuta cewa suna girmama haƙƙinta. Kai, ladabi dai kamar na surukai! Magana ɗaya ce a ƙasa, ta katanga, kuma kalma ɗaya ce ke ɗauke da ita.

"Enclose," ya faɗa a hankali, yadda ya saba faɗa wa ɗalibai. "Wato a kewaye abu ta ko'ina. Ana faɗinta in an yi wa fili shinge, ko an sa takarda a ambulan an liƙe. Ba a ɗauke abin ba, Yaya. Yana nan, sai dai yana ciki."

"Da ƙofa?"

Ya san amsar, amma ya buɗe ƙamus. Ya bi layin da yatsa har ƙarshe, ya koma farko. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji a gaban allo ba.

"Ba su ambaci ƙofa ba."

Ta kwance bakin zanenta ta miƙo takardar gonar da marigayi mijinta ya bari. Akwai tsawo da faɗi, akwai shaidu huɗu da hatimin dagaci. Babu hanya. To wa yake rubuta hanyar gona? Ta kan iyakar maƙwabci ake bi, a yi masa sannu da aiki, a wuce. Haka ta yi shekara arba'in. Yanzu maƙwabtan sun sayar, sun tafi da hanyar.

Ya kira lambar da ke kan wasiƙar, ya zuba Turanci mafi kyau da ya taɓa yi a rayuwarsa. Wata mata ta saurara har ya gama, ta yaba masa, ta ce oga ya yi tafiya.

Saura tsaga ɗaya a katangar, daidai faɗin mutum. Ila magini na tsugune a gabanta yana juya siminti, ya ƙi ɗaga ido.

"Wallahi Baba, ce min aka yi in rufe kafin la'asar. In ban yi ba, gobe wani zai yi."

"Kwana biyu kawai, ɗana. Ta karya masararta."

Ila ya ci gaba da aikinsa. Simintin kuwa ba ya jiran kowa.

Hafsatu ta ɗauki buhun da ta zo da shi, ta karkaɗe. Ta dubi ƙanenta.

"Wannan kalmar taka, in mutum yana ciki, ta haɗa da shi?"

Ya so ya yi mata ƙarya, bakinsa ya kasa.

"Ta haɗa, Yaya."

Ta gyaɗa kai, ta yi bisimilla, ta karkata kafaɗa ta shige. Can suka fara jin ƙas, ƙas, tana karya masara ɗaya bayan ɗaya, ba ta gaggawa.

Ila ya miƙe da bulo a hannu, ya dubi Malam Isiyaku, kamar shi ne zai faɗi abin da za a yi. Malam ya duba ƙamus ɗinsa. Daga masallacin bakin titi aka fara kiran la'asar.