Jakin Gari

"Baba, jakin gari ne, ba naka ba," in ji Fadilu, yana riƙe da igiya, idonsa a ƙasa.

Abatcha maƙwabcina yana kwance a tabarma cikin zaure, ƙafa ta kumbura kamar turmi. Ni na tallabo shi ya zauna.

"Na ce nawa ne?" in ji Abatcha. "Yaro, ku bar mini shi har damina ta faɗi. Shi ke nan roƙona."

Fadilu ma'aikacin biron gari ne, wato ofishin hukumar gari, a gabanmu aka yi masa aski. Ya ce tun da aka karya darajar kuɗin sefa asusun gari ya bushe. Lanho, wato haraji, ba ya shiga, makiyaya sun yi nisa da dabbobi, manoma gero bai yi ba. An kashe fitilun tasha, an sallami masu shara. Yanzu dusar jaki ma ta gagara, an yanke a kai shi kasuwa.

Na ce, "Ku da kuke da mota, jaki ne ya cinye ku?"

"Baba Sadi, motar tana kan duwatsu, kaji ke ƙwai a ciki."

Tsakani da Allah yaron bai yi ƙarya ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

Aikin Abatcha ban ruwa ne. Gari ya dasa dogon yaro a hanyar maƙabarta don a tare rairayi, aka ba shi jaki da amalanke da tano biyu, gangunan ɗibar ruwa. Kowace safiya yana bin itatuwan ɗaya ɗaya, yana yi musu faɗa kamar jikoki. Na jerin farko sun kama ƙasa, har akuya na kwanciya a inuwarsu. Na can ƙarshe ko ƙugu ba su kai ba, ga bazara ta buɗe baki. Da ciwo ya kayar da shi, Kande matarsa ce ke kora amalanken, ita da tsufanta.

"Ƙananan nan," in ji Abatcha, "in suka yi kwana kaɗan ba ruwa, sun tafi. Ni dai na so wanda zai raka gawa a garin nan ya dawo cikin inuwa."

"Wallahi Baba, ba ni na yanke ba."

"Na sani. Ja shi a hankali, ba ya son tsawa."

Daga ranar bai ƙara tambayar abinci ba, sai sama. Kowa ya shigo gaisuwa, sai ya ce, "Akwai hadari a gabas?" Kande ta ce akwai. Ni ban iya ƙarya ba, sai in dubi bango.

Ran kasuwa da hantsi Abatcha ya cika. Muka kai shi bayan azahar, Fadilu na cikin masu ɗaukar makara, bai yarda an karɓe shi ba. Ƙananan itatuwan duk sun sunkuyar da kai.

A hanyar dawowa muka haɗu da wani mutumin garin Kelle yana jan jakin nan da ya saya a kasuwa, yana ta zagi.

"Jama'a, wannan wace irin dabba ce? Taku kaɗan sai ya toge!"

Ya ɗaga sanda, na riƙe hannunsa.

"Kada ka doke shi, ɗana. Sabo turken wawa."

Jakin ya matsa gindin itace na gaba, ya tsaya, ya karkaɗa kunne, yana jiran a sauke ruwa.