Akwatin da Tayarsa Ke Kuka

Yayata ba ta taɓa sayen abu a farashin da aka fara faɗa mata ba. Akwai wani zaure da ta buɗe a waya, inda take koya wa mata yadda za su ga duniya ba tare da sun sayar da 'yan kunnensu ba, kuma can suke kiranta Uwar Araha. Ki hau motar tsakiyar mako, ki nemi ɗakin da ke jikin janareta don shi ake yi wa ragi, ki ci abinci inda direbobi ke ci. Ni ce 'yar rakiyarta, wato ni ce mai shaƙar hayaƙin janaretan.

Shawarar da ta fi taƙama da ita ita ce ta akwati. Babbar tashar garinmu tana da ɗakin ajiya, inda matafiya ke barin kaya su shiga gari su dawo. Wanda ya daɗe ba a zo ɗauka ba, sai a zazzage shi a yi gwanjonsa. Can Yaya ta samo wani shuɗin akwati mai taya biyu, an ɗaure masa jan ƙyalle a hannu. Lafiyarsa ƙalau, sai dai tayar hagu tana kuka. Ba ƙara nake nufi ba, kuka: wani siririn ƙiii, ta yi shiru, ta sake, kamar jaririn da ya gaji da neman uwarsa. Na ce wallahi in ta ja wannan abin a gefena zan ce ban san ta ba. Ta ce in je in sayo mata sabo da kuɗin kunyar tawa.

Tafiyarmu ta farko da shi, muka sauka a wani ƙaramin masauki bayan tasha. Ko sallama ba mu yi ba sai ga matar da ke kula da wurin ta fito a guje, hannunta duk kumfar sabulu. Da ta ga fuskokinmu sai ta tsaya cak, murmushin ya mutu. Ta dubi akwatin, ta dube mu, ta tambayi inda muka samo shi.

Ta zaunar da mu ta ba mu labari. Akwatin na wata malamar makaranta ne, wadda duk hutu take ɗaukarsa ta bi gari gari ita kaɗai, don kawai ta gani da idonta. Kullum ɗakin jikin janareta take kama. Wani hutu ta wuce ta nan, ba a ƙara jin ɗuriyarta ba. Tana da uwa tsohuwa, idonta ya tafi, kuma har yau tsohuwar tana sa maƙwabciyarta ta buga waya masaukan da ke hanyar. Ba ta tambayar ko an ga 'yarta. Tambayarta ita ce ko an ji tayar.

Na gane cewa a garinmu ke nan malamar ta ajiye shi, ta fita ta ƙofar da muke bi kullum, ba ta dawo ba. Yaya ta ce akwati ai akwati ne, kamfani ya yi dubunsu. Amma na lura da ta shiga ɗaki, can bayan ƙofa ta jingine shi, ta rufa masa zani.

A gari na gaba abin ya fi haka. Akwatin yana da jan hagu, in ka sake masa hannu kaɗan sai ya karkata. Muna neman wurin karyawa ya karkatar da Yaya cikin wani lungu, ta bi shi tana tsaki, muka ɓulla gaban teburin wani mai shayi. Mutumin bai ko ɗaga kai ba. Ya zuba shayi ba sukari, ya turo kofin, ya ce, “Malama, an kwana biyu.” Sannan ya ɗago. Na ga yadda hannunsa ya tsaya a kan butar.

Yaya ta yi ta kawo mini hujja a hanya, wai masu neman araha duk turba ɗaya suke bi, wai tayar ce ta cinye ta gefe guda. Na ce ta riƙe hujjarta, ni dai tsoro nake ji, kuma ba zan ƙara kwana ɗaki ɗaya da shi ba. Muka kai tasha. Can ta ciro waya ta kira matar masaukin ta karɓi kwatancen gidan tsohuwar. Ta ce tsohuwar nan ta daɗe tana jiran wani abu na 'yarta, kuma abin yana hannunmu. Uwar Araha guda, ta bar hanyarta ta hau motar ƙarshen mako, ba ta ko nemi ragi ba.

Mun isa garin da hantsi. Muna fita daga tasha, tayar na ta ƙiii a bayanmu, sai Yaya ta ja birki. Ta ce in yi tunani: tsohuwa makauniya za ta jiyo wannan daga bakin lungu, ta miƙe tana murna 'yarta ta dawo, sai ta tarar da mu. Wannan ai kisa ne. Akwai wani mai gyaran babur a gefen titi, ta roƙe shi ɗigon baƙin mai, ya ɗiga mata a tayar, ya juya ta da yatsa. Ta ja akwatin gaba, ta ja baya. Tsit. Ni da bakina na ce mata ta yi hankali.

Maƙwabciyar ce ta tarye mu ta shigar da mu. Ɗaki ne guda yana kallon ƙofar gida, a buɗe, an tokare ƙyauren da dutse. Akwai rediyo a kan kwaba, an lulluɓe shi, ƙura ta hau lulluɓin. Maƙwabciyar ta raɗa mana cewa tsohuwar ta hana a kunna shi, kada ya danne mata ji. Tana zaune a kujera bakin ƙofa, ta karkata kai, kunnenta na dama yana fuskantar lungu.

Yaya ta durƙusa ta gaishe ta, ta kira ta Mama, ta faɗa mata komai tiryan-tiryan ba ta ɓoye gwanjon ba. Tsohuwar ta miƙo hannu. Ta shafa murfin, ta shafa zif ɗin, ta kai ga jan ƙyallen, ta daɗe tana murza shi. Ta ce ita ta yage shi daga ɗankwalinta ta ɗaura. Ta ce sau nawa 'yar tata ta so ta sa wa tayar mai, ita ke hana ta, don da kukan take gane ta shigo lungu tun kafin ta yi sallama.

“Na daɗe da sanin ba ita za ta kawo shi ba,” in ji ta. “Ji kawai nake so in yi. Ja shi, 'yata. Fara daga ƙofar gida.”

Yaya ta dube ni. Ta tashi ta kai shi ƙofar gida, ta jawo shi a hankali har gaban kujerar. Ban da shuuu na roba a kan siminti, babu abin da ya fito. Tsohuwar ta ce ta sake. Ta sake.

Ban taɓa ganin yayata haka ba. Ta kifar da akwatin ta goge tayar da gefen mayafinta, ta roƙi sabulu da ruwa ta wanke, ta debo yashi ta cusa a ciki tana hawaye tana cewa yanzu zai yi, Mama, yanzu zai yi. Tayar ta ci gaba da juyawa sumul. Tausayinsu su biyun ya kama ni, na zauna a dokin ƙofa.

Tsohuwar ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta janye hannunta daga jan ƙyallen, ta ɗora a cinya.

“To, bai iso ba tukuna,” ta ce. Ta mayar da kunnenta wajen lungu.

Muka juye kayan Yaya a leda, muka bar akwatin jingine da kujerar. Muka fito har bakin lungun. Nan Yaya ta damƙi wuyan hannuna, farcenta ya shige ni. Rana tsaka ce, titi ba kowa sai wata akuya. Na ji shi sarai: ƙiii, shiru, ƙiii. Ba daga gidan yake fitowa ba. A hagun Yaya yake, dab da ƙafarta. Da muka tsaya ya tsaya, da muka taka ya taka, kuma bai rabu da mu ba har tasha.