Hoton Hamidu Da Bai Fito Ba

Habsa tana tsakar gida tana bakacen gero Mas'uda ta leƙo ta kan katanga, idonta jawur, ta ce maigidanta yana kira.

"Ni?" in ji Habsa. "Yanzu?"

"Ke. Ya ce ki taho tun bakinshi na iya magana."

Habsa ta ajiye faifai, ta kakkaɓe zane, ta ja mayafi. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da na Kailu Mai Hoto, kuma shekara arba'in da ɗoriya katangar ba ta hana gishiri ko garwashi ko gulma ƙetarawa ba. Ta san jikin nasa ya tsananta tun da aka dawo da shi daga Yamai aka ce a kai shi gida ya huta. Ba wanda bai san abin da irin wannan hutun yake nufi ba.

Duk mai furfura a Filinge ya taɓa tsayawa gaban Kailu yana rarraba ido. Hoton katin ɗan ƙasa, na 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, na suna, na alhazan da suka dawo, duk shi ne. Ranar kasuwa ya hau babur har Baleyara ko Bonkuku, kyamara rataye a wuya, yana fankama kamar wani sufurfe mai mulkin gunduma. Dattijon da ake tsoro a gida ma sai Kailu ya ce masa "Ɗaga haɓa!" ya ɗaga. Daga baya wayar hannu ta zo, kowane jariri ya zama mai hoto, sana'ar ta mutu a hannunsa. Bai taɓa yafe wa wayar ba.

Ta same shi kwance kan gadon ƙarfe, ya rame har tausayi ya hana ta kallonsa sosai. Bangon ɗakin cike da hotunan mutane, sun koɗe, rabinsu kuma sun riga mu gidan gaskiya. Tsohuwar kyamarar tana gefen filonsa.

"Sannu, Malam Kailu. Ƙaƙa jikin?"

"Da godiya. Zamna, Habsa. Ɗauki abin ga, ki sa ido ga 'yat tagag ga ta sama."

Ta ɗauka tana dariya, don a tsawon maƙwabtakarsu ko taɓawa bai taɓa barin wani ya yi ba. Ta kanne ido ɗaya ta leƙa.

"Mi kika gani?"

"Ina ganin Mas'uda bakin ƙohwa, tana share hawaye da gehen zane."

"Sarai kika ganinta?"

"Sarai."

"To juya shi, ki dubi gabanshi."

Ta juya. Wani baƙin marufi ne rufe da idon kyamarar ruf. Kailu ya yi mata bayani a hankali, yana hutawa tsakanin kalma da kalma. Irin wannan kyamarar, tagar da mai hoto yake leƙawa daban take da idon da yake ɗaukar hoton. In mutum ya manta marufi, zai ga mutanensa tsaf, ya gyara su, ya danna, ya ji ƙas, alhali ba abin da ya shiga ciki sai duhu.

Tun kafin ya ƙarasa gaban Habsa ya faɗi, domin hoto ɗaya ne tak ya taɓa shiga tsakaninta da Kailu.

Shekarar yunwa ce, gero bai yi ba a duk ƙasar Kurfai, samari suna ta cika manyan motoci zuwa Abija neman abin da za su aiko gida. Hamidu mijinta yana cikinsu. Aurensu bai cika shekara ba, tana da ciki wata shida. Safiyar tafiyar ya sa rigarsa ta salla, ya kira Kailu, wanda bai daɗe da dawowa daga Kumasi da kyamararsa ba, ya ce a ɗauke su a ƙofar gida ya bar mata. Sau uku Kailu ya danna. Bayan sati biyu ya ce an aika da fim ɗin Yamai, masu wanki sun ƙona shi. Wata huɗu da tafiyar Hamidu aka kawo saƙo zazzaɓi ya ɗauke shi, can aka binne shi. 'Yarsu Balkisa tana da sati biyar a duniya. Habsa ta yi wani auren daga baya, bai ɗore ba, ta dawo gidan Hamidu ta reni 'yarta. Tun daga ranar kuwa masu wankin hoto na Yamai ba su huta a bakinta ba. Ko asibiti ta je can, in ta wuce shagon hoto sai ta ja tsaki, har abin ya zama abin tsokanarta a unguwa. Kailu ma yakan taya ta.

"Ba su ƙona komi ba," in ji Kailu. "Ni na. Bayan kun shiga gida na kai hannu aljihu in ɗauko maruhi in ruhe, sai na ishe shi ruhe. Na ruga tasha da gudu, mota ta tashi. Na ce ba komi, da damana in ya komo in sake ɗauka. Sabon shiga nike, in gari ya ji an yi ta yi mini dariya ke nan, ba mai sake tsayawa gabana. Da saƙon rasuwa yaz zo kuma sai bakina yay yi nauyi." Ya yi tari, Mas'uda ta matso da ruwa, ya ture. "Ki yahe mini, Habsa. Ba ni son in tahi da shi."

Habsa ta ajiye kyamarar kan tabarma. Da mantuwar ce kaɗai, da ta yafe tun a lokacin, wa ya fi ƙarfin mantuwa? Abin da ya tsaya mata a maƙogwaro shi ne shekara arba'in tana zagin bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba, mutumin nan yana gyaɗa mata kai, da salla ta aika masa da tuwo.

"Na ji," ta ce, ta miƙe.

"Habsa!" in ji Mas'uda.

"Na ce na ji."

Ta fito ba ta waiga ba. A ƙasar nan majinyaci ba ya roƙon gafara a tashi a bar shi da "na ji", ita ma ta san haka. Ta koma ta ɗauki faifanta, amma har kaji suka taru suna tsince geron a gabanta ba ta kore su ba.

Bayan la'asar Balkisa ta biyo daga lakwal ɗin da take koyarwa, kamar yadda ta saba kafin ta wuce gidanta. Mas'uda ta riga ta tare ta a hanya ta faɗa mata komai. Ta zauna kusa da uwarta.

"Inna, Baba Kailu ba shi da kwanaki."

"Na sani."

"Ni ya kamata in yi hushi, ni da ban taɓa ganin Baba ba ko ga takarda. Kuma ban yi ba."

Nan Habsa ta faɗi abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Fuskar Hamidu ta ɓace mata. Da can in ta rufe ido sai ta gan shi. Sannu a hankali ya yi ta dushewa, yanzu rigar take gani, da tsayinsa, da yadda yake jan takalmi, amma wurin fuskar fayau. Kunyar abin take ji kamar ta ci amanarsa. Ta faɗa tana kuka irin na manya, marar sauti.

Balkisa ta bari ta lafa, sannan ta ce, "Inna, kin ce ta tagag ga ana gani ko da maruhi?"

"Ana gani."

"To ashe akwai wanda yag ga hoton. Mutum guda na, kuma shina kwance bayan katangag ga."

Washegari da hantsi suka shiga tare. Kailu ya ƙara yin ƙasa, numfashinsa yana fita da ƙyar. Da ya ga Habsa ya yi ƙoƙarin tashi, Mas'uda ta tallafe shi da filo. Habsa ba ta ko gaisa ba.

"Hwaɗa mini abin da kag gani rannan."

Ya rufe ido, kuma abin mamaki muryarsa ta ɗan dawo, muryar nan ta mai ba da umarni. Ya ce rana tana bayansa, inuwar itacen bedin ƙofar gida ta kai musu gwiwa. Habsa tana dama da zane shuɗi, ta ƙame kamar soja, ta sa hannu ta kare cikinta don kunya. Hamidu yana hagu, rigar ta yi masa yawa a kafaɗa don yunwa ta taɓa shi, hula ta karkace. Doguwar fuska, goshi mai faɗi, tabon kaska a gira ta dama. In zai yi dariya kumatunsa na hagu kaɗai ke loɓawa.

"Awa na ɗiyag ga," ya ce, ya nuna Balkisa da haɓa. "Har kunnen. Ba ta bar komi ba."

Balkisa ta kai hannu ta taɓa kumatunta.

"Kin san abin da yas sa nid danna har sau ukku?" in ji Kailu. "Ƙin kallona yay yi. In ce 'Hamidu, dubo nan', shi dubo, da na kai yatsa sai shi juya. Ke kina ta zare ido gare ni, ba ki sani ba. Ke shika kallo, Habsa. Dut ukkun. Ko da hoton ya hito, gehen huskatai kaɗai za ki samu."

Wata akuya tana kuka a waje. Habsa ta daɗe kanta a sunkuye. Ba ta taɓa sanin wannan ba, ba ta kuma da hanyar sani, ita da aka ce ta tsaya cak kada ta motsa. Da ta ɗago, farin ciki da baƙin ciki sun haɗe mata wuri ɗaya.

"Kai dai ba ka iya aiki ba, Malam Kailu," ta ce. "Na yahe maka, duniya da lahira. Ni ma ka yahe mini jiya."

"Na yahe." Ya sauke ajiyar zuciya. "Mutanen Yamai hwa?"

"Su ma Allah shi ba su haƙuri."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Mas'uda tana yi musu faɗa su duka biyu.

Kwana biyu ya ƙara. Ranar Alhamis gab da azahar Habsa ta ji salatin Mas'uda ta kan katanga, ta ajiye abin da ke hannunta ta shiga. Ita ta ɗora ruwan wanka, ita ta shimfiɗa wa mata tabarmi. Mazan da suka taru a ƙofar gida sun yi yawa har layi ya toshe, tsofaffi daga ƙauyuka, wasu da ƙyar suke tafiya, kowa yana ba da labarin ranar da marigayin ya daka masa tsawa ya gyara hula.

Da aka ɗauki makara aka nufi maƙabarta, unguwar ta zama ta mata. Habsa da Balkisa suka tsaya bakin ƙofarsu. Balkisa tana bin ayarin da kallo har ya sha kwanar masallaci, hawaye yana gangaro mata. Can ta ji ido a jikinta, ta juyo.

"Inna, mi na na?"

"Ba komi," in ji Habsa. "Dubi gabanki."

Balkisa ta mayar da kai ga hanya. Habsa ta ɗan matsa ta hagun 'yarta, gefen kumatun da ke loɓawa, inda haske ya fi, ta ci gaba da kallonta.