Ƙyallen Cikin Hula

Kafin kowa ya gani a gidan burodin nan, Baba Magashi ne ya gani. Dama me ke wuce idonsa? Shekara arba'in da ɗaya yana bakin tanda, sau biyu rufi ya kama da wuta yana ciki, ya fito da ƙafarsa.

Ya je rataye riga ne ya tarar da hular surukinsa, mijin 'yarsa Auta, an kife ta a kan ƙusa. A cikinta an ɗinka sabon ƙyallen tare zufa, ninki uku a goshi, ɗinki ƙanana kamar sahun tururuwa. Hannun Auta ne. Tun tana 'yar shekara goma take yi masa irinsa, shi kaɗai. Ya duba tasa hular: wata biyar rabonta da allura, ƙyallen ya bushe da gishirin zufa kamar fata.

"Kai, mijin Auta, zufar me kake yi? Kai da ke ƙarƙashin fanka kana ɗaure leda?"

"Ita ta ga dama, Baba."

"Ta ga dama!"

Ya yage tsohon ƙyallensa ya wurga cikin wuta. Ya ce shi da ya gasa burodi tun ba a haifi wasu ba, ba ya neman tsumman kowa.

Kafin azahar zufa ta cika masa gira, ta gangaro ido. Yana lalube yana zagin itace, tire biyu suka ƙone ƙurmus. Makwaɓi, mai kwaɓa musu fulawa, abokin tsokanarsa, ya leƙo.

"Tsoho, kuka kake yi ko gashi?"

"Hayaƙi ne, ɗan banza."

Mijin Auta ya ɗauko reza ya farke ɗinkin hularsa, ya durƙusa ya miƙa wa Baba Magashi ƙyallen.

"Baba, ka ɗaura. Ni dama ya yi mini yawa, sai da ta naɗe bakinsa."

Baba Magashi ya so ya ture hannun, amma ya ji kalmar nan. Ya karɓa ya warware naɗin, ya zagaya kansa da shi. Baki ya haɗu da baki cif, ko yatsa ba zai shiga ba.

Sai ya buga ƙirji har gari ya tashi daga rigarsa.

"Kun gani? Ta zauna za ta yanka wa miji, almakashi ya bi kan uba! Kai aro aka ba ka, ɗan ƙaramin kai kamar lemo."

Makwaɓi ya ce, "To, ko dai yadin ne ya zo a haka?"

"Yadin gidanku! Ga kaina, ga igiya can a ƙusa. Duk mai musu ya zo ya auna, in ya samu bambancin ƙwayar shinkafa, yau na bar masa tandar."